Ni da Catapult ɗina: littafin koyon harbin LRM

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Abin da ya same ni daren jiya ne ya sa na buɗe wannan littafi. Wasa bakwai na buga a jere a MechWarrior Online, babu ko ɗaya da ɓarnar da na yi wa abokan gaba ta kai maki 150. Makamai na ta tashi sama gwanin sha'awa, hayaƙi na bin su, amma inda suke sauka Allah kaɗai ya sani. Ƙanena, wanda shi ya jawo ni cikin wasan, ya leƙa allon sakamako ya ce, "Yaya, duwatsun filin nan sun ji jiki a hannunka."

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Piranha Games na birnin Vancouver a Kanada ne ya fito da shi a 2013, bisa duniyar BattleTech da ta faro tun 1984 a matsayin wasan tebur. Mutum 12 ke karawa da 12, kowa yana tuƙa ƙaton butum-butumin yaƙi da ake kira mek, daga mai nauyin tan 20 zuwa mai tan 100. Ni da na tattara kuɗin da ake ba sabon shiga a wasanninsa 25 na farko, Catapult C1 na saya: tan 65, akwatunan makamai masu linzami biyu a kafaɗa waɗanda 'yan wasa ke kira kunnuwa, kowanne LRM 15, wato mai sakin makamai masu cin dogon zango guda 15 a zubi ɗaya, sai leza matsakaiciya guda huɗu. Na saye shi ne bisa tunanin cewa makami mai linzami shi ke bin mutum da kansa, nawa kawai in danna. To, ga shi na danna har yatsana ya gaji.

Burina kafin azumi: in riƙa kai maki 400 a yawancin wasanni, kuma in daina zama na farkon mutuwa ko na ƙarshen da ake farauta.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na shiga filin gwaji, inda mek-mek suke tsaye ba sa motsi ba sa ramawa. Nan na zauna na bi abin daki-daki. Sai ka danna maɓallin R jan akwati ya fito a jikin abokin gaba. Wannan ba kamu ba ne tukuna, alama ce kawai. Sai ka ɗora saitinka a kan akwatin ka riƙe, wata da'ira ta yi ta tsukewa har ta koma ja. A nan ne aka yi kamu. Abin da ban sani ba tun farko shi ne aikin bai ƙare ba bayan ka harba. Dole saitin ya zauna a kan mutumin har makaman su sauka. Ka kau da kai, kamun ya kuɓuce, su kuma su tafi inda suka gan shi na ƙarshe. Ni kuwa da na harba sai in juya neman wani. Ashe duk jifan gafiyar Ɓaidu nake yi.

Na biyu: ƙasa da mita 180, LRM irin nawa na Inner Sphere, ɗaya daga ɓangarori biyu na wasan, ba ya yin komai. Na matsa kusa da wani mek ƙirar Atlas na zazzage masa makamai talatin a ƙirji, sulkensa ko launi bai sauya ba. Na ɓangaren Clan suna ɗan taɓa mutum a kusa, amma da rauni. Iyakar nisan kuma wajen mita 900.

Laraba, 8 ga Janairu

Wasa uku. 190, 240, 95. A na ukun aka ɗauke wuta ina tsakiyar fili, kafin waya ta haɗa ni da intanet an riga an gama da ni.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau ranar kashe kuɗi ce a garejin mek. Catapult yana zuwa da tan biyu kacal na albarusai, kuma tun kafin faɗa ya yi zafi suke ƙarewa. Na sauya masu sanyaya inji zuwa masu ninki biyu, C-bills, wato kuɗin cikin wasan, har 1,500,000 suka tafi, na ji ta har cikin raina. Na sa ƙashin Endo Steel wanda ya rage mini kusan tan uku, na cire biyu daga cikin injinan tsalle huɗu, na mayar da yawancin nauyin albarusai. Leza ɗaya na cire na sa TAG, hasken da ake nuna abokin gaba da shi, a gurbinta, tunda nauyinsu ɗaya, tan guda.

Ƙanena ya so in sa injin XL don ya fi sauƙin nauyi. Na ƙi. A Inner Sphere, mai XL in aka fasa masa gefen ƙirji ɗaya shi ke nan ya mutu, ni kuwa har yanzu ban iya juya jiki in rarraba duka ba. Zan zauna da injina na asali, mai tafiyar kilomita 64 da ɗoriya a awa, har sai na samu kuɗin inji mai sauƙi wanda ke jure rasa gefe ɗaya.

Wani abin dariya da na gano: kunnuwan Catapult suna da ƙofofi. In suna rufe, sai sun buɗe kafin makami ya fita, wato akwai ɗan jinkiri tsakanin dannawa da harbawa. Maɓallin / ne ke barin su a buɗe. A rufe sun fi jure duka, a buɗe sun fi saurin amsawa. Mako guda ina zargin sabar Turai da wannan jinkirin, ashe ƙofa ce ban buɗe ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Polar Highlands, filin ƙanƙara mai faɗi. Maki 612, na kashe biyu. Na yi ta murna kamar an ba ni sarauta. Da na natsu na tuna yadda aka yi, sai na ga babu gwanintata a ciki. Wani ɗan ƙaramin mek namu ne ya zagaya bayansu ya riƙe mana su kusan minti uku, ni ina tsaye bayan tudu ina dannawa. Bulus na ci.

Laraba, 15 ga Janairu

Ga ranar da ta tona asirin ta Lahadi. Solaris City aka zaɓa, garin dogayen benaye. Na yi abin da na saba: na tsaya can baya, wajen mita 800 daga inda ake faɗa, ina jiran jan akwati. Akwati ya fito, na fara haɗa kamu, kafin da'irar ta rufe ya ɓace. Wani ya fito, na samu kamu, na harba, duka talatin suka ƙare a jikin bene. Na sake, haka. Na ƙirga da baki, daga wannan nisan makaman na ɗaukar sakan huɗu zuwa biyar kafin su isa, ga kuma murya na gargaɗin mutumin cewa makamai na tafe. Ko kunkuru ne a sakan biyar ya samu inuwar da zai raɓa.

Ina cikin wannan fama ban lura tawagarmu ta fara zagayen nan da suka saba ba, kowa na bin dama yana neman bayan abokan gaba. Su ma abokan gaban haka suke yi, wanda ke nufin duk wanda aka bari a wutsiya shi za su fara cimma. Na duba ƙaramar taswira na ga shuɗin alamun mutanenmu sun yi nisa. Sai ga Piranha, ɗan mek mai tan 20 da bindigogi masu sarrafa kansu har goma sha biyu, ya manne mini a baya. Ya san abin da yake yi, bai taɓa fita daga cikin mita 180 ba. Ina da albarusai tan shida a ciki, ba ko ɗaya da zai amfane ni. Leza uku na yi ta wurgawa ina zana bango. Ya huda sulken baya, ya gama da ni cikin abin da bai kai rabin minti ba. Maki 71.

Wani daga cikin tawagar ya rubuta maganar da ba zan maimaita ba, ma'anarta dai mai LRM ɗan rakiya ne: mek ɗinsa mai tan 65 yana can baya ba ya ɗaukar wa kowa duka, sannan yana ihun a riƙe masa kamu. Zafin maganar bai hana ta zama gaskiya ba. Mutum 11 ne ke raba harbin mutum 12, ni ina gefe.

Asabar, 18 ga Janairu

Na koma filin gwaji da tambaya ɗaya: mene ne bambancin harbin wanda nake gani da idona da wanda wani ya hango mini? Bambancin babba ne, kuma da gangan aka yi shi, tun gyaran da aka yi wa makaman a watan Maris na 2019. In ina ganin mutum kai tsaye, kamu na zuwa da wuri, makaman su tafi a miƙe ƙasa-ƙasa, su isa da sauri, su taru wuri ɗaya a jikinsa. In kuwa ta idon wani nake harbi, kamun na jan lokaci, kuma yana ƙara ja gwargwadon nisa, makaman su yi sama kamar bakan gizo sannan su sauko a warwatse, wasu a ƙafa wasu a ƙasa. Gani ya kori ji, har a wasan kwamfuta.

Amma miƙaƙƙen harbin na da nasa tarkon. Da yake ba ya tashi sama sosai, ɗan tudun da ke gabanka ko bayan abokin tafiyarka na iya shanye shi. Sau biyu yau da daddare na yi wa wani Stalker namu ruwan makamai a ƙeya. Na ba shi haƙuri, bai amsa ba.

Sabuwar doka daga yau: in tsaya tsakanin mita 300 zuwa 500 daga abokin gaba, taku kaɗan bayan manyan mek ɗinmu, ba bayan taswira ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Dokar na aiki amma ina shan duka. 340, 410, 280, 365. Sau biyu aka cire mini kunne. Kunnuwan nan manya ne, daga nesa ake hango su sun leƙo ta saman tudu kafin ni in ga kowa.

Na sayi sabon linzamin kwamfuta, naira 9,500, saboda tsohon na tsalle in na ja shi a hankali, kuma riƙe kamu aikin hannu ne mai laushi. Na rage saurinsa a saitin wasan sosai. Maman yara ta tambaye ni me ya samu tsohon, na ce linzamin makami ne ya buƙaci sabon linzami. Ba ta yi dariya ba.

Asabar, 25 ga Janairu

ECM. Na daɗe ina ganin mek a fili ƙuru-ƙuru, in danna R, babu akwati, in ɗauka maɓallin ne ya lalace. Ashe na'ura ce mai tan ɗaya da rabi da wasu mek ke ɗauka, irin su Atlas D-DC da Raven 3L, tana ɓoye mai ita da na kusa da shi daga na'urar hange. Nan TAG ya biya kuɗinsa. Haske ne siriri mai kaiwa mita 750, ba ya ɓarna ko kaɗan, amma muddin yana kan jikin mutum akwatin zai fito ko da ECM, kuma kamun ya fi saurin zuwa. Wahalarsa ita ce sai ka tsaya a fili kana haska mutum, jan layin kuma na nuna masa daidai inda kake. Na ɗaura shi a maɓallin gefen linzami, babban yatsa na riƙe da shi, manuni na harbi.

Wani abu da ya rikita ni: saiti biyu ne a allon, gicciye na ƙirji da ƙaramar da'ira ta hannuwa. TAG ɗina a ƙirji yake, gicciyen yake bi. In na yi saurin juyawa sai su rabu, in ga kamar ina haska mutum alhali hasken na gefensa. Na bar su a haɗe tukuna.

In mai ECM ya matso kusa da kai kuma, kamun gaba ɗaya yake hana ka. Maganin wannan BAP ne, shi ma tan ɗaya da rabi, yana kashe tasirin ECM ɗin da ke kusa. Na cire tan ɗaya na albarusai da ɗan sulken ƙafa na sa shi. Tunda na daina harbin iska, ban taɓa ƙarar da tan biyar ba ma.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ban buga ba, ɗaurin aure.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau muka shiga tare da ƙanena, shi da Raven ɗinsa mai NARC. NARC ɗan makami ne da ake manna wa abokin gaba, ya yi ta tona inda yake na wani lokaci ko ya shiga bayan dutse. A Canyon Network ya manna wa wani Timber Wolf da allo ya yi wa lamba da harafin D, wato Delta, ya ce, "Yaya, Delta, Delta, sakar masa!" Na sakar masa zubi huɗu yana gudu cikin kwazazzabo bai san ta ina ake ganinsa ba. A nan ne kaɗai harbi ta bayan tudu ya yi mini ma'ana, domin na san wanda ke riƙe da mutumin, na san ba zai sake shi ba, kuma muna magana.

Wasa na gaba aka kai mu HPG Manifold, abokan gaba suka shige ɗakin ƙasa da ke tsakiyar filin. NARC na nuna su, kamu na zuwa ja wur, amma rufi ne a kansu. Na harba sau ɗaya na gane. Jar da'ira ba ta san da rufi ba, ba ta san da gada ba. Haka ramin Crimson Strait da ƙarƙashin dandamalinsa. Sai mutum ya haddace filin da kansa, ya dubi lambar nisan da wurin da akwatin yake ya ce wa kansa wannan yana ƙarƙashin wani abu. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce hoton sulken abokin gaba da ke saman allo ta dama: in zubin farko ya sauka babu abin da ya ƙyafta a hoton, kada a yi na biyu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

AMS ta hana ni sakat yau. Wata ƙaramar bindiga ce da ke kakkaɓo makamai a sama. Guda ɗaya ba ta da yawa, amma akwai Kit Fox mai ɗaukar uku da Corsair mai ɗaukar huɗu, in suka tsaya tsakiyar tawaga sai ka ga makamanka na fashewa kamar wasan wuta kafin su isa. Na kasance ina harba kunne ɗaya bayan ɗaya don rage zafi, wanda hakan ba ta abinci ne a baki kaɗan-kaɗan. Da na koma sakin talatin ɗin a tare, wasu na tsallakewa. Mafi alheri dai a sauya mutum, a nemi wanda ya ware daga laimar.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na fara zuba kuɗi a bishiyar ƙwarewa, inda ake buɗe gurabe masu ƙara wa mek ƙarfi. Kowane gurbi C-bills 45,000, kuma 91 ake iya buɗewa, wato sama da miliyan huɗu in za a cike. Ba ni da su. Na fara da wanda ke sa akwati ya ɗan daɗe bayan mutum ya ɓuya, sai na saurin makami, sai sulke. Abokan gaba ma na da kishiyarsa, wanda ke sa su ɓace daga na'ura da zarar sun shige kwana, shi ya sa wasu ke ɓacewa kamar aljanu.

Dabara ɗaya da na koya bisa kuskure: in kamu ya kuɓuce makamai na sama, kada a fid da rai. In ka sake kama mutumin kafin su sauka, suna karkatowa su bi shi. Na ga sun yi wata irin kwana a sama suka sauka kan wani Hunchback da ya ɗauka ya tsira.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Sanyi ya fara ja da baya, kwamfutar ta fara ɗaukar zafi, hoto na yankewa in hayaƙi ya yi yawa. Na rage ingancin hoton, na ɗora ta kan murfin tukunya biyu don iska ta shiga. 455, 390, 520.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na gwada Artemis, na'urar da ake ƙara wa akwatunan makamai. Kowane akwati na ƙara tan ɗaya, wato tan biyu ke nan, kuma amfaninsa na tara makamai wuri ɗaya sai kana ganin mutum da idonka. Wata guda da ya wuce da asarar nauyi ce a wurina. Yanzu da yawancin harbina na gani-da-ido ne, na ga bambanci: ƙirji suke samu maimakon su bazu har ƙafafu. Na biya da injin tsalle ɗaya da tan ɗaya na albarusai. Saura tan huɗu, kuma sau ɗaya suka ƙare mini ana saura mutum biyu, na ƙarasa da leza. Ban yanke hukunci ba tukuna.

Na kuma fara ɗaukar UAV, ɗan jirgin leƙen asiri da ake harbawa sama ya nuna duk wanda ke ƙarƙashinsa har masu ECM. C-bills 40,000 duk harbawa ɗaya, don haka in an ci mu kusan ribar wasan ce ta tafi. Na farkon da na harba tun daga nesa na sake shi, bai nuna kowa ba sai mutanenmu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Solaris City kuma. Da na ga an zaɓe shi gabana ya faɗi, amma na bi bayan wani Atlas kamar jela, ban bar shi ya wuce ni da mita ɗari ba. A wani dogon titi muka yi kiciɓis da mek uku. Nisa 340. Na haska na gaba da TAG, da'ira ta rufe nan take, makaman suka bi titin a miƙe tsakanin benaye. Ko gargaɗin bai gama yi masa amfani ba suka isa. Na juya kafaɗa na karɓi nasu harbin a kunnen hagu, na juyo na sake zubawa. Kunnen ya tafi daga baya, na ci gaba da ɗaya. Wani Locust ya zo ta baya irin na ranar nan, sai dai wannan karon ina tsakiyar mutane, kafin in juya ma an karya masa ƙafa. Maki 486, kisa ɗaya, taimako bakwai, kuma na fita da rai da sulken da bai kai kashi talatin cikin ɗari ba. Wannan 486 ta fi mini 612 ta Polar daɗi nesa ba kusa ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na duba wasanni ashirin na ƙarshe da na rubuta a bayan littafin nan: goma sha uku sun haura 400, uku ba su kai 200 ba, kuma duka ukun a filaye masu zafi ne, Terra Therma sau biyu da Caustic Valley, inda injin mek ɗin ya tsaya cak don zafi ina tsakiyar fili saboda na haɗa leza da makamai a lokaci guda. Wannan ne aikin gaba.

Azumi ya ƙarato, zan ajiye wasan sai bayan Sallah. C-bills miliyan biyu da 'yan kai ke hannuna. In na dawo, inji mai sauƙi zan fara saya, nauyin da ya rage in mayar da tan ɗaya na albarusai da mai sanyaya inji guda. Sannan in raba saitin hannu da na ƙirji in ga ko zan iya riƙe mek ɗin da ke saman tudu ba tare da na ɗaga ƙirji duka ba. Ƙanena na ta matsa mini in sayi Mad Dog in ɗanɗana LRM na Clan, masu rabin nauyi da ke fita a jere kamar ruwan famfo. Na ce masa sai na cike gurbi 91 na wannan tukuna, yanzu ina kan 38.